Na Sayi Gida A Waje: Me Takardar Ta Ce Ka Saya?

Tun da Saudiyya ta fitar da sabuwar dokarta ta mallakar gidaje da filaye ga waɗanda ba 'yan ƙasa ba a watan Yulin 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, tallace-tallacen dillalai suka cika wayoyin manyan ma'aikata da 'yan kasuwarmu. Wannan ya ce ga damar mallakar gida kusa da Harami, wancan ya ce Dubai ta fi riba, wani kuma ya ce Landan ce ba ta faɗuwa. Abin da ya ja hankalina a duk tallace-tallacen da aka yi da Hausa shi ne kalma ɗaya da suke ta nanatawa, wato "mallaka". Dokokin waɗannan ƙasashe suna da kalmomi uku ko huɗu mabambanta ga abin da baƙo zai iya riƙewa, kowace da iyakarta da wa'adinta, amma da sun iso bakin dillali sai su narke su zama kalma guda. Mai saye ya biya kuɗin mallaka, a ba shi takardar haya, kuma ba zai gane ba sai ranar da ake rabon gado ko ranar da katafila ta iso.

Laifin ba na harshen Hausa ba ne. Manomin ƙasar Mafara, ko da bai taɓa shiga aji ba, ya san gonar gado daban, gonar saye daban. Ya san aro, wanda mai gona zai iya karɓar abinsa bayan an cire amfani, ya san jingina, wadda gonar ke zama hannun mai kuɗi har ranar da aka fanshe ta, ya san haya, ya san kyauta, ya san saura da ta koma hannun mai gari ya ba wani ya share. Ya kuma san cewa ba a barin mai aro ya dasa mangwaro ko ya haƙa rijiya sai da magana, domin itace shaida ce da ke iya rikiɗar da aro ya zama gado bayan mutuwar waɗanda suka yi maganar. Malamanmu na fiƙihu sun raba mallakar raƙaba, wato asalin abu, da mallakar manfa'a, wato cin moriyarsa kawai, kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ware littafi guda, Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da mutum ke keɓanta da ƙasa. Ke nan kakanninmu sun fi mu tsantseni wajen sanya wa kowane riƙo sunansa. Mu 'yan boko ne muka tattara komai muka kira shi mallaka, kuma mun fara wannan kuskure ne a gida kafin mu kai shi ƙetare.

Duk wanda yake so ya ga tazarar da ke tsakanin "gonata" a bakin mutum da "gonarsa" a idon doka, to ya waiwayi Bakalori. An gina madatsar ruwan a kan Gulbin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Tafkin da ya taru a bayan madatsar ya shanye kimanin hekta 8,000 ta ƙasar Maradun, aka tashi mutane wajen 13,000. A ƙasan madatsar kuma, a yankunan Talata Mafara da Bakura, aka karɓe gonaki domin a baje su a yanka magudanan ruwa, aka sare itatuwa, aka shafe iyakokin da kowa ya gada, manoma da yawa suka yi damina bayan damina ba su shuka ba suna jiran a sake rabawa. Da aka zo biyan diyya sai aka yi ta lissafin bukka da rumbu da itatuwa, wasu ma ba su samu ko hakan ba. Ita ƙasar kanta, wadda ita ce dukiyar, a wurin hukuma ba ta cikin abin da manomi ya mallaka balle a saya daga hannunsa.

Daga ƙarshen 1979 manoma suka fara tare hanyoyi suna hana aiki. A ƙarshen watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar Jihar Sakkwato, aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan da ke kewaye. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman da abokan aikinsa sun wallafa sunayen mutum 386 a 1982. Dattawan Ruwan Gizo da sauran ƙauyukan Mafara ba sa buƙatar a karanta musu wannan tarihi a littafi. Abin da ba kasafai ake faɗa ba shi ne cewa a ƙarƙashin rikicin akwai saɓanin ma'ana: manomi yana magana da harshen gado, jami'i yana magana da harshen dokar da aka rubuta da Turanci shekara 70 kafin nan, kuma babu wanda ya taɓa fassara wa manomin.

Asalin dokar ita ce ta 1910, wadda Turawa suka yi bayan kwamitin da Gwamna Percy Girouard ya sa aka kafa a 1908. Ita ce ta ayyana cewa duk ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita domin amfanin 'yan ƙasa, abin da mutum yake da shi kuwa haƙƙin zama ne da cin moriya. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta ta a 1962, ta kuma raba mutane biyu: ɗan ƙasa, wato wanda mahaifinsa ya fito daga wata ƙabila ta asalin Arewa, da wanda ba ɗan ƙasa ba, wanda ba ya riƙe fili sai da yardar Minista. A wannan ma'auni mutumin Ibadan da mutumin Beirut duk baƙi ne a Kano. A ranar 29 ga Maris, 1978, gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki wannan tsari na Arewa ta shimfiɗa shi a kan Nijeriya baki ɗaya da Dokar Amfani da Ƙasa, aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki, ta yadda gyara ta sai an bi hanyar gyara tsarin mulkin kansa.

To, a nan ne fassara ta yi mana illa. Takardar C of O da kowa ke fafutukar samu, a rediyo da jaridu "takardar shaidar mallaka" muke ce mata. Kalmar Turancin da ke ƙarshen sunanta kuwa ma'anarta zama ne a wuri ko riƙe shi, ba ta ɗauke da ma'anar mallaka ko kaɗan. Gwamna ne ke bayar da ita zuwa wani wa'adi, galibi shekara 99 ga gidan zama, ana biyan kuɗin ƙasa duk shekara, ba a sayarwa ko jinginarwa sai da amincewarsa kamar yadda sashe na 22 ya tanada, kuma sashe na 28 ya ba shi ikon soke ta domin maslahar jama'a. In ya soke, sashe na 29 ya ce a biya kuɗin gini da amfanin gona, amma a kan ƙasar kanta abin da za a mayar maka shi ne kuɗin hayar da ka biya a shekarar. Ɗan ƙauye kuma, wanda gonarsa ta gado ta faɗa ƙarƙashin sashe na 36, dokar ta amince ya ci gaba da nomansa, sai dai a zahirin lafazinta ta haramta a yanka gonar ko a sayar da ita, har da tarar Naira 5,000 ko ɗaurin shekara ɗaya. Kullum ana cinikin gonaki a gaban mai gari daga Bakura har Maradun, ana rubuta 'yar takarda da shaidu, kuma da wuya ka sami mai saye ko mai sayarwa da ya san da wannan sashe. Doka ce da ke barci, amma ta kan farka ranar da mai ƙarfi yake son filin.

Idan haka ɗan ƙasa yake, ina ga baƙo? Amsar ta fito daga Kajuru ta Jihar Kaduna. Bajamushen nan Gerhard Huebner, wanda ya gina sanannen ginin dutse mai kama da fadar sarakunan Turai a kan tsaunin Kajuru, an shawarce shi da ya sayi filin da sunan kamfanin da yake shugabanta, tun da shi baƙo ne. Da suka ɓata da kamfanin sai ya tafi kotu yana cewa kuɗinsa ne, kamfanin amana kawai ya riƙe masa. Ya faɗi a babbar kotu, ya faɗi a kotun ɗaukaka ƙara, a 2017 kuma Kotun Ƙoli ta kori ƙararsa, tana mai nuni da cewa sashe na 1 na dokar 1978 ya ce Gwamna yana riƙe da ƙasa ne domin amfanin "dukkan 'yan Nijeriya", shi kuwa ba ya cikinsu, don haka ba za a riƙe masa amanar abin da doka ba ta yarda ya riƙe da kansa ba. Lauyoyi sun yi ta muhawara a kan hukuncin, kuma baƙi masu hali suna bi ta hanyar kamfanin da aka yi wa rajista a Nijeriya. Ni abin da ya dame ni ba Bajamushen ba ne. Bahaushen Maraɗi ko Bagobirin Tsibiri da ya sayi gona ko ya gina gida a ƙasar Zamfara shekara talatin da suka wuce, yana aure a nan, 'ya'yansa suna makaranta a nan, a ma'aunin wannan hukunci shi da Huebner ɗaya suke, kuma ba shi da kamfani. Tun da Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025, inuwar yarjejeniyar zama da kafa sana'a da yake fakewa a ƙarƙashinta ma ta koma abin da ya rataya a kan alfarmar 'yan siyasa. Sashe na 46 ya ɗora wa Majalisar Ƙoli ta Ƙasa tsara ƙa'idojin miƙa haƙƙin fili ga wanda ba ɗan Nijeriya ba. Ban ga wani gwamnan jihohin kan iyaka da ya ɗauki wannan magana da muhimmanci ba.

Mu ma fa an taɓa yi mana irin wannan, kuma ba sau ɗaya ba. Fataken goro da suka bi hanyar Gwanja suka kafa zango a Salaga da Kumasi da Akra sun sami filayensu ne daga hannun sarakunan gargajiya na can, sarkin zango ya yanka wa kowa nasa. Jikoki sun tashi suna ganin gidan kakansu ne, alhali asalin ƙasar yana nan a hannun karagar sarautar da ta ba da aro. A ranar 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama kwana 14 ya bar Ghana. Dubban ɗaruruwan mutane suka fita, akasarinsu 'yan Nijeriya, gidaje da rumfunan kasuwa aka sayar da su a wulaƙance ko aka bar su haka nan. Mu ma muka rama a 1983, wanda ba abin alfahari ba ne. Amma abin da ya fi korar daɗewa shi ne wani sashe da ya zauna daram a tsarin mulkin Ghana na 1992, sashe na 266. Ya haramta wa wanda ba ɗan Ghana ba mallakar ƙasa ta din-din-din, ya ƙayyade masa haya da ba ta wuce shekara 50 a lokaci guda, sannan ya ce duk baƙon da ke da mallakar din-din-din a ranar 22 ga Agusta, 1969, an mayar da ita hayar shekara 50 daga wannan rana. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: wa'adin ya cika a Agustan 2019. Hausawan Ghana da yawa 'yan ƙasa ne cikakku, wannan bai shafe su ba. Wanda ya shafa shi ne magajin da ke zaune a Kano ko Sakkwato da fasfon Nijeriya yana jiran rabonsa daga gidan kaka a Kumasi, da kuma ɗan kasuwar yau da ya sayi gida a Akra yana cewa ya mallaka.

Sudan ta nuna cewa ko takardar zama ɗan ƙasa ba ta gama magana ba. Zuriyar waɗanda suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno zuwa gabar Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903 sun haura shekara ɗari a can, su ne ƙashin bayan noman audugar Jazira, amma da Hausawan jihar Shuɗin Nilu suka nemi a ba su masarautarsu a 2022, wadda a tsarin can ita ce ƙofar samun iko da ƙasa, sai aka ce musu baƙi ba su da ƙasa. An kashe ɗaruruwan mutane tsakanin Yuli da Oktoban shekarar.

Sai ƙasa mai tsarki, inda zuciya ta fi saurin rinjayar hankali. Tsohuwar dokar Saudiyya ta 2000 ta hana wanda ba ɗan ƙasa ba mallakar gida a cikin iyakokin Makka da Madina, in ba ta hanyar gado ko waƙafi ba. Saboda haka 'yan'uwanmu mazauna can, waɗanda wasu kakanninsu a ƙasa suka taka zuwa aikin Hajji, da dama sun gina gidaje a filin da ba shi da sakki, wato takardar mallaka ta hukuma, ko kuma sun saya da sunan wani ɗan ƙasa da suka amince da shi, irin dabarar Huebner ke nan. Da aka fara rusau a Jidda a ƙarshen 2021, wanda ya shafi unguwanni sama da 60, ciki har da Karantina da Gulail inda 'yan Afirka ta Yamma suke da yawa, an tsara diyya ne ga 'yan ƙasa: mai sakki a biya shi fili da gini, marar sakki a biya shi gini kawai. Baƙo kuwa ya kwashe kayansa. Tsarin zama na musamman da aka fito da shi a 2019 ya ba mai shi damar cin moriyar gida a Makka da Madina har shekara 99, wato manfa'a ke nan a yaren malamai. Sabuwar dokar 2025 ta buɗe ƙofar mallaka, amma a yankunan da hukuma ta ware kaɗai, kuma a biranen biyu masu alfarma an keɓe ta ga Musulmi bisa sharuɗɗa na musamman. Don haka in dillali ya ce maka "gida a Makka", tambayar farko ita ce ko ginin yana cikin yankin da aka ware, ta biyu kuma wace kalmar Larabci ce a kan takardar, tamalluk ko intifa'i.

Dubai ta fi kowa fayyace abinta, shi ya sa kuɗinmu suka fi kwarara can, na halas da na haram. Wani bincike da cibiyar Carnegie ta wallafa a 2020 ya gano gidaje 800 masu alaƙa da 'yan siyasa da jami'an Nijeriya, da kuɗinsu ya haura Dala miliyan 400. Tun 2002 aka buɗe wa baƙi, dokar 2006 kuma ta tabbatar da cewa a yankunan da aka ware, irin su Palm Jumeirah da Dubai Marina, baƙo na iya mallakar din-din-din, ko ya riƙe haƙƙin moriya ko haya har shekara 99. Gidan da ba a gama ginawa ba rajistar wucin gadi ake yi masa, takardar mallaka ba ta fitowa sai an kammala. Duk da haka, daga Oktoban 2022 zuwa Yulin 2024 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Nijeriya biza. Wanda ke da gida amma ba shi da takardar zama ya koyi cewa mallakar ɗaki daban, izinin taka ƙasar da ɗakin yake daban.

A Ingila kuwa baƙo yana iya sayen komai, matsalar tana cikin nau'in abin da ya saya. Akasarin sassan benaye na Landan hayar dogon zango ce, ta shekara 99 ko 125 ko fiye, wani ne ke da ƙasar da ginin ke kai, ana biyan kuɗin hidima duk shekara, kuma yayin da shekarun ke raguwa darajar gidan na raguwa. In mai gida ya rasu, hukuma na karɓar harajin gado na kashi 40 cikin 100 a kan abin da ya haura Fam 325,000, ko da mamacin bai taɓa zama a ƙasar ba, kuma in bai bar wasiyya ba dokar Ingila ce za ta raba gidan, ba alƙalin Gusau ba.

Ba ina cewa kada mai hali ya saya ba ne. Kowace ƙasa tana da 'yancin killace ƙasarta, kuma mu da muka hana Huebner ba mu da bakin zargin Ghana. Abin da nake ƙi shi ne a ce mutumin da ya yi digiri biyu ya sa hannu a kan takardar da bai san sunan haƙƙin da ke cikinta ba, sannan ya dawo gida yana kallon manomin Bakalori a matsayin jahili. A ganina aikin farko na masana harshe ne da lauyoyi. Sassan nazarin Hausa da tsangayoyin shari'a na jami'o'in Sakkwato da Gusau da Kano da Zariya suna iya zama su daidaita kalmomi, a bar "mallaka" ga abin da ba shi da wa'adi, a kira C of O takardar haƙƙin zama, a farfaɗo da aro da jingina da moriya a rubuce-rubucen hukuma, a kuma fassara dokar 1978 sashe-sashe a karanta ta a gidajen rediyo kamar yadda ake karanta sanarwar taki.

Aiki na biyu na gwamnatin Zamfara ne. Hukumar ZAGIS da aka kafa domin rajistar filaye ta fi mayar da hankali ga fulotan Gusau, inda kuɗin shiga yake. Amma inda haɗarin ya fi yawa shi ne ƙauyukan da ta'addancin 'yan bindiga ya tashi mutanensu a Maradun da Mafara da Bakura, suka bar gonakin da shaidarsu kawai ita ce ƙwaƙwalwar mai gari da dattawan unguwa, waɗanda wasunsu sun rasu, wasu suna gudun hijira. Sashe na 6 na dokar ya ba ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar haƙƙin zama ta gargajiya a kan gona har hekta 500 ba tare da an je wurin Gwamna ba. Aikin gyaran Bakalori da aka yi a ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya tara manoma cikin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, ke nan akwai sunaye da filayen da za a fara da su. Sakatariyar ƙaramar hukumar Talata Mafara tana iya fara rubuta gonakin mazaɓar Ruwan Gizo tun kafin damina mai zuwa, da sunan mai riƙe da kowace, da kuma kalmar da shi da maƙwabtansa suka yarda ita ce sunan riƙon nasa.